Rasuwar Baffa, Injin Kwalekwalenmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka yi tsami saboda tuƙi da filafili, mu iyalan gidan nan na kusa da kwata, matsayar jiragen ruwa, muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ƙetare kogin nan a kwalekwalenmu, rasuwar injinmu mai ƙarfin doki arba'in, wanda kowa ya fi sani da Baffa. Ya rasu da hantsi a tsakiyar ruwa, yana bakin aikinsa, ɗauke da fasinja da kayansu. Ni 'yar autar gidan aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, wai don ni ce mai karance-karance. Gaskiya ne na karanta mutuwar jarumai da ta masoya ba adadi, wasu har na jiƙa shafin da hawaye, amma ban taɓa cin karo da littafin da ya koyar da yadda ake yi wa ƙarfe ta'aziyya ba. Sai ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Marigayin ya girme ni. Kafin a haife ni Babanmu ya shigo da shi gida a kafaɗa, ɗan gwanjo, fentinsa duk ya koɗe, ya jingina shi da bango ya ce wa Umma, "Ga ƙanena nan, a ba shi wuri." Shi ke nan muka taso muna kiransa Baffa. Baƙi da yawa sun sha ruɗewa. Sai su ji Umma na cewa, "Yau Baffa ya ƙi tashi, tun safe ake fama da shi," su yi jugum su ce Allah ya ba shi lafiya, me likita ya ce?

Duk wanda ya zauna da shi zai yi masa shaidar ƙarfi. Lokacin da kogi ke cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da ciyayi, ƙananan injuna kan koma gefe su bi bakin gaɓa kamar masu jin kunya. Baffa kuwa sai ya sa ƙirji ya ratsa ta tsakiya, da buhuna, da babur, da matan kasuwa da kwandunansu. Bai da gudu irin na yaran yanzu, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba. Amma in ya ɗauke ka zai kai ka. Kuma ba ya ɓoye ciwo. In leda ta toshe masa hanyar ruwan sanyi, siririn ruwan nan da yake fitarwa ta gefe, wanda direbobi ke kira fitsari, zai tsaya cak, kowa ya gani. In fulogi ya yi baƙi zai riƙa ɗingishi da murya. Babanmu yakan ce mutum ne da ba ya mutuwa bai yi sallama ba.

Yana da hali da safe, wannan kam ba za a ɓoye ba. Sai an matsa robar tiyo ta yi tauri, a ja cok, a ɗan dafa kansa kamar mai tashin dattijo daga barci. A ja igiya, ya ce "hmmf." A sake ja, ya ce "kuf, kuf," ya yi shiru yana tunani. Sannan in ya ga dama ya buɗe maƙogwaro, "garrr-tatatata," hayaƙi shuɗi ya lulluɓe kwata, masu wanki su yi ta tsaki suna kare hanci da gefen zane. Da wannan muryar na koyi gane gari ya waye. Ina jin ko a cikin taron injuna dubu zan ware ta, kamar yadda ɗan akuya ke ware kukan uwarsa a garke.

Ba a faɗin aibin mamaci, to amma ci ba aibi ba ne, kuma Baffa ya ci. Duk abin da kwalekwale ya samo shi ke fara cire rabonsa kafin a zo kanmu. Fetur ya yi tsada bai rage ba, fasinja suka yi ƙaranci bai rage ba. Ga fulogi, ga man giyar inji, ga farfela da ke karya kunne duk sanda ruwa ya janye duwatsu suka matso sama. Umma takan ce tukunya biyu ake ɗorawa a gidan nan, kuma ta Baffa ce babba. Duk da haka a tukunyar tasa aka yi mini kuɗin makaranta har na zama malama a ƙetaren ruwa, a cikinta Yayana ya yi aure. Ya ci, ya kuma ciyar. Ban san mutane da yawa da za a faɗa wa haka ba.

Sai na yi wa waɗanda ba 'yan ruwa ba wani bayani, don a kansa komai ya rataya. Baffa irin injunan da ne, waɗanda ba sa shan fetur zalla. Dole a gauraya masa da baƙin mai a cikin jarka, man nan ne ke sulɓa masa ciki yana aiki. In babu shi ƙarfe zai ci ƙarfe. A gidanmu ma'aunin wani tsohon gwangwanin madara ne, kuma doka ɗaya ce tun ina rarrafe: jarkar da aka gauraya a ɗaura mata jan tsumma a hannu. In ka ga jan tsumma, sa tiyo ka tafi, ba tambaya.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Babanmu, Yaya ya karɓi tuƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa ya koma kujerar roba a ƙofar ɗaki, hannun dama a cinya kamar na aro, magana tana fita da ƙyar. Komai aka karɓe masa. Umma ke yi masa wanka, ni ke yanka masa farce. Abu ɗaya ya rage a hannunsa, gwangwanin nan. Kowace safiya Yaya zai ajiye jarkar fetur a gefen kujerarsa, ya wuce kwata ya kwashe ruwan da ya taru a kwalekwale. Babanmu zai auna man da hannun hagu, ya zuba, ya ɗaura tsumman da yatsu da haƙori. Ba ya son a tsaya a kansa, don hannun na rawa, shi ya sa kowa ke samun abin yi a wani wuri. In ya gama sai ya jingina, ya rufe ido, yana jiran "kuf, kuf" daga bakin ruwa. Sai ya ji Baffa ya ɗauki hanya sannan yake yarda a kawo masa abin kari. Mun san da yawa daga abin da ke riƙe da shi a duniya yana cikin gwangwanin nan. Shi ya sa Yaya, da ya daɗe yana sha'awar sabon yayin inji mai ɗakin mai daban, wanda ba a gauraya masa komai, mai tsotsar fetur kamar jariri, bai taɓa furta zancen a gida ba.

Ranar da abin ya faru ina cikin jirgin, zan tafi makaranta. Jarka da jan tsummanta, Yaya ya sa tiyo. Baffa ya tashi ba gardama, har muka yi mamaki. Muryarsa ta fita tas, siririya, kuma hayaƙin nan nasa ya yi ta raguwa har ya ɓace. Wata mai sayar da busasshen kifi ta ce, "Direba, yau Baffa ya tuba da shan taba ne?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya sani, har na ce a raina yau kallabina ba zai yi warin mai a gaban ɗalibai ba. Muna kaiwa inda ruwa ya fi ƙarfi sai muryar ta hau sama, ta zama wani "kiiiii" da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sannan ya ce "kas." Shi ke nan. Na karanta shiru iri-iri a littattafai, amma ban san shiru na da nauyi ba sai ranar. Muka ji ruwa na lasar katako. Yaya ya ja igiya, ta ƙi motsi ko kaɗan, kamar an ɗaure ta a dutse. Ya ajiye ta a hankali, ya ciro filafilai daga ƙarƙashin benci ya miƙa wa maza. Ruwa ya kai mu can ƙasa da kwata kafin mu samu gaɓa, ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi. Kifin matar nan ne kawai ya jiƙe, kuma ta faɗa mana ra'ayinta a kai tun daga can har gida.

Makanikin kwata, wanda ya fi kowa sanin cikin marigayin, ya buɗe shi a rumfarsa. Fistin ya narke ya manne, ciki a bushe ƙamas, duk ya kakkarce. Ya tsoma yatsa a jarkar, ya murza, ya shinshina. Ya dubi jan tsumman, ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Ni na yi gaggawa, Oga. Ni na ɗauki wadda ba ita ba." Makanikin ya goge hannu ya ce, "To," don shi ma ya san jarka ɗaya ce a gidanmu.

Da na dawo gida Umma ta ja ni kicin. Ta ce da ta dawo daga kasuwa ta tarar da gwangwanin a ƙarƙashin kujera, cike da mai har baki. Ta mayar da man cikin galan ba tare da Babanmu ya gani ba, ta goge gwangwanin. Muka haɗu mu uku a tsaye tsakanin tukwane muka yanke magana: tsufa ne. Baffa ya tsufa, ya gaji, ya tafi. Duk wanda ya tambaya haka za a ce, musamman mai kujera.

Ban san ɓoye abu na gajiyar da mutum haka ba. Tuƙi da filafili ya fi shi sauƙi. Yaya na fita da kwalekwalen yana tuƙi da hannu, yana ɗaukar waɗanda ba sa sauri, waɗanda kuma ba su da yawa, ya dawo ba ya iya ɗaga kofi. A kwata kowa ya zama masani. Wasu na cewa daman irin waɗannan injunan ba abin dogaro ba ne, ƙarfen banza ne mai shan jinin mai shi. Wasu na cewa yaron ne bai da kula, ba kamar ubansa ba. Masu zuwa gaida Babanmu kuma ba sa barin komai a hanya, duk sai sun juye masa.  Shi kuwa da safe yana zama a kujerarsa, gwangwanin a cinya, injunan wasu na tashi ɗaya bayan ɗaya, abin kari na hucewa a gefensa.

Maganar wanda zai gaji marigayin ma a kicin muke yin ta, da raɗa. Yaya ya ce zai nemo wani tsohon irin Baffa, ya sha abin da zai sha, in dai jarka za ta ci gaba da zuwa gefen kujera. Shi kuma sai ya riƙa dubawa a bayan katanga, in ba mai ya zuba. Umma ta ce, "Wato kullum mu wayi gari da yaudararsa, har ranar da za a ɗauke shi?" Yaya ya ce, "To Umma, in ce masa me? In ce Baba an sallame ka?" 

Wannan sanarwar da kuke karantawa ba ita ce ta farko ba. Ta farkon na zuba mata ado, na kira Baffa zakin ruwa, na ce ya rasu bayan doguwar jinya da tsufa. Babanmu ya ji ana zancenta ya ce in zo in karanta masa. Na durƙusa a gefen kujerar ina karantawa da muryar da nake karanta wa ɗalibai waƙa. Da na zo wurin tsufan sai ya ɗaga hannun hagu.

"Auta. Koma."

Na koma.

"Wa ya koya miki yi wa mamaci ƙarya?"

Umma na bakin ƙofa da tsintsiya, Yaya na wanke ƙafa. Duk suka tsaya. Maganarsa a hankali take fita, kalma na jiran kalma, kuma ba a katse shi.

"Ƙanena bai tsufa ba. Ƙishi ya kashe shi. Tun kuna barin kwata na ji. Muryar ta yi tsabta da yawa. Na duba ƙasa, ga gwangwani a cike." Ya huta. "Na yi kira. Ba kowa a gidan. Na ce bari in tashi." Ya dubi ƙafarsa. "Ina zaune a nan na ji shi har ya yi shiru."

Ashe duk kwanakin da muke raɗa a kicin, shi yana ɗauke da abin da ya fi namu nauyi, yana kallonmu muna wahalar ɓoye masa abin da ya riga mu sani. Umma ta ce, "Malam, ƙaddara ce," ya ce ya sani, amma ƙaddarar ta bi ta hannunsa ne, ba ta hannun yaron nan ba, kuma ba ta cikin injin ba. Ya ce in rubuta haka, a karanta a kwata, kowa ya ji. Sannan ya kira Yaya ya miƙa masa gwangwanin.

"Ka sayi wanda ba a gaurayawa."

Yaya ya ƙi karɓa. Ya ce, "Baba, wancan fa nauyi gare shi, in ya lalace gyaransa sai an je birni. Kuma ba ya da murya. Daga nan ba za ka ji tashinsa ba."

 Babanmu ya ce, "Hannu ne ya tafi. Kunne na nan. In ba a ji daga nan, sai ku matsar da kujerar." Ya juya wajen Umma ya ce, "Wannan abincin da kika ajiye tun ɗazu, na ado ne?"

Don haka, bisa umarnin babban yayan marigayin, muna sanar da cewa Baffa ya rasu da ƙarfinsa da lafiyarsa, bai taɓa cin amanar kowa ba, kuma ya yi tafiyar rabin kogi da busasshen ciki kafin ya faɗi. Masu cewa ƙarfen banza ne su janye maganarsu. Masu cewa direba bai da kula su ma haka.

Marigayin ya rasu ya bar kwalekwale ɗaya, wanda yanzu yake zaune a kwata da bayansa a sake, yana jin kunyar maƙwabta. Ya bar jarka, da tiyo, da igiyar da ta cinye tafin hannun maza biyu a gidanmu, da farfela mai karyayyen kunne, da kwalin matattun fulogai da Babanmu ya hana a zubar. Ya bar makanikin kwata, wanda ya ce ya yi rashin aboki, da mai sayar da fetur, wanda shi kam kukansa na gaskiya ne. Ya kuma bar wani ma'aikacin asibitin ƙetare, wanda ya zaɓi ya fara faɗa mini abin da ke ransa a benci na baya, daidai bakin Baffa, don kada fasinja su ji. Ba su ji ba. Ni ma ban ji ba. Damina guda bawan Allah yana maimaitawa ina gyaɗa kai ina zaton zancen cikar ruwa yake. Baffa ya tsare mutuncina fiye da yadda na roƙe shi, kuma na yafe masa.

Za a yi sallama da gawar ranar Asabar da hantsi a rumfar makanikin kwata. Ba za a kai shi wurin masu awon ƙarfe ba. Duk abin da ke da sauran amfani a jikinsa, kafireta da farfela da ƙafar giya, za a raba wa masu irin injinsa, kowa ya zo da sifanarsa. Murfin kansa zai koma gida a rataye shi a ƙofar ɗaki, da gwangwanin a ciki, da jan tsumman a ɗaure. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai, amma muna neman maza biyu masu ƙarfi da za su taimaka wa Yaya ɗauko kujera daga gida zuwa inuwar rumfar, don Babanmu zai sauko bakin ruwa karon farko tun kwanciyarsa, kuma ya ce can za a riƙa kai shi kowace safiya daga yanzu.

Roƙo na ƙarshe ga direbobi. Mun ji kuna shirin kashe injunanku a lokacin don girmama marigayin. Mun gode, amma Babanmu ya ce kada wanda ya kashe, kowa ya bar nasa a kunne. Ya ce kwana da kwanaki yana jin injin wani a cikinku na tashi da fulogi ɗaya a mace, kuma yana son ya ga mai shi ido da ido.